Bindiga a Jiki, Shinge a Gaba: Me Za Ka Yi In 'Yan Sanda Suka Tare Ka?

Waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, ga shi mun rubuta muku kamar yadda muka saba. Ku karanta a nutse, ku tura wa na kusa da ku, musamman direbobi da mafarauta da 'yan sintiri.

Maganar yau tana da nauyi, don magana ce ta rai. Kwanan nan bidiyoyi sun yi yawa a TikTok da Facebook, na mutanen Amurka suna koyar da yadda za ka yi in ɗan sanda ya tsayar da motarka alhali kana da fistol a ƙugu. Matasanmu suna kallo, suna turawa, har wasu suna cewa ai mu ma lokaci ya yi da kowa zai soke tasa a ƙarƙashin riga. Na ga irin wannan magana daga samarinmu na Likoro da Hunkuyi da Kudan, na gan ta daga Maƙarfi da Ikara. To shi ya sa na ce bari mu zauna mu warware ta: me dokar ƙasarmu ta ce, wa ke da damar tafiya da bindiga, kuma in an tare shi a shinge, yaya zai yi ya koma gida da ransa?

Na san abin da ke sa mutane wannan tunani. Ba mu manta da harin Saya-Saya a ƙaramar hukumar Ikara ba, a farkon Satumban 2023, inda 'yan bindiga suka kashe mutum 7, yawancinsu a cikin masallaci ana sallar Isha'i. Muna kuma jin abin da 'yan uwanmu na Giwa da Birnin Gwari suka sha shekara da shekaru. Manomin da ya sayar da rakensa ko tumatirinsa ya ɗauko kuɗi zai dawo gida da yamma, tsoronsa na gaske ne, ba wanda zai raina shi. Amma fa tsoro daban, doka daban, kuma a shinge da doka za a yi maka hisabi.

To mu fara da dokar.

Dokar bindigogi ta Najeriya tun 1959 take, kuma har yau tana aiki. Ta kasa bindigogi gida uku. Ku riƙe wannan da kyau, don duk sauran maganar a kansa ta ɗoru.

Kashi na farko su ne haramtattun bindigogi. A nan ake samun mashinga, da bindigogin soja irin su AK-47, da gurneti da roka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, fistol da libarba su ma a cikin wannan kashi suke. E, ƙaramar bindigar nan da ake sokewa a ƙugu, a idon doka layinsu ɗaya da bindigar yaƙi. Ba DPO ke ba da lasisinta ba, ba kwamishinan 'yan sanda ba. Ikon yana hannun shugaban ƙasa. Kuma ko ƙirar Turai ce, ko maƙeri ne ya haɗa ta a ƙauye da bututu da katako, in dai fistol ce, to fistol ce. Hukuncin wanda aka kama da ita ba lasisi, mafi ƙarancinsa ɗaurin shekara 10. Mafi ƙaranci fa na ce.

Kashi na biyu su ne bindigogin da mutum zai iya mallaka don kansa, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ba mai sarrafa kanta ba, wadda kuma ba a datse mata baki ba. Lasisin wannan daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Wanda ya riƙe ta ba lasisi, ɗaurin zai iya kaiwa shekara 5.

Kashi na uku ita ce tamu ta gado, bindigar toka, harba-ka-ruga, wadda ake ɗurawa ta baki. Al'amarinta yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha tare da amincewar gwamna. Inda aka wajabta mata lasisi, wanda ya saɓa zai iya fuskantar tara ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun.

Akwai ƙarin abubuwa uku. Na ɗaya, lasisi ba haƙƙi ba ne da za ka je ka ce dole a ba ka. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da mashayi, da wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali a cikin shekara 5 da suka wuce. Na biyu, harsashi ma sai da izini. Harsashi ɗaya tak a aljihun mota ya isa ya kwanar da kai a caji ofis. Na uku, a watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da cewa rundunar ta dakatar da ba da sabon lasisin bindiga. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce maka yana da hanya, ka kawo kuɗi ya fito maka da lasisin fistol cikin sati biyu, to ɗan damfara ne. Takardar da zai ba ka ma, ranar da aka kama ka laifi na biyu za ta zama.

Na san wani zai ce, to ai gwamnoni da bakinsu suka ce a kare kai. Gaskiya ne. Aminu Bello Masari lokacin yana gwamnan Katsina ya faɗa a 2021 cewa jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta fito ta ce mutane su nemi lasisin bindiga. Amma me ya biyo baya? Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Dokar bindiga ta tarayya ce. Jawabin gwamna a rediyo ba ya zama lasisi, kuma alƙali ba zai karɓe shi a matsayin hujja ba.

Kun ga ke nan, abin da Ba'amurke yake koyarwa a bidiyo ba namu ba ne. Su tsarin mulkinsu tun 1791 ya ba su 'yancin mallakar makami, kuma jihohinsu suna ba da izinin ɓoye fistol a jiki. A wasu jihohin kamar Mishigan da Karolina ta Arewa, doka ta wajabta wa mai izinin ya sanar da ɗan sanda nan take cewa yana ɗauke da bindiga. Amma duk da wannan 'yanci, ku ji abin da ya faru da wani bawan Allah, Philando Castile.

Ranar 6 ga Yulin 2016, a jihar Minesota, ɗan sanda ya tsayar da motarsa. Baƙar fata ne, ɗan shekara 32, yana aiki a ɗakin cin abinci na wata makaranta, kuma yana da cikakken izinin ɗaukar bindiga. Budurwarsa na gefensa, 'yarta mai shekara 4 tana kujerar baya. Ɗan sandan ya nemi takardu. Castile ya gaya masa cikin ladabi cewa akwai bindiga a jikinsa. Ɗan sandan ya ce kar ya fito da ita, shi kuma ya ce ba fito da ita zai yi ba, amma hannunsa yana motsi. Nan take aka harba masa harsashi har sau 7. Budurwar ta buɗe Facebook ta nuna wa duniya abin da ya biyo baya kai tsaye. A watan Yunin 2017 kotu ta wanke ɗan sandan.

Mutum mai lasisi, ya faɗi gaskiya, a ƙasar da doka ta ba shi dama, amma ya rasa ransa. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, a daƙiƙun farko na tsayarwa, ɗan sanda ba takardarka yake karantawa ba, hannunka yake kallo. Da zarar kalmar bindiga ta fito daga bakinka, duk motsin da hannun nan ya yi, ma'ana ɗaya zai ba shi.

To mu dawo gida. Su wa ke iya zuwa shinge da bindiga a yankinmu bisa halal? Mafarauta masu fita dawa da rani. 'Yan sintirin unguwa da ke aiki da sanin hukuma. Tsofaffin da suka daɗe da lasisin bindigar farauta. Da waɗannan nake magana yanzu, da 'ya'yansu da ƙannensu da ke ɗauko su a mota ko a babur.

Shirin tsayawa a shinge daga gida yake farawa.

Ka duba lasisinka, ka tabbata bai ƙare ba, kuma lambar da ke jikin takarda ita ce a jikin bindiga. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Lasisin babanka ba ya rufe ka, na yayanka ba ya rufe ka. Ko rasuwa aka yi, kwana 14 kacal doka ta ba magada su riƙe bindigar mamaci, daga nan sai a sanar da hukuma. Gidaje nawa ne a ƙauyukanmu ke da bindigar marigayi rataye a ɗaki shekara goma ba wanda ya yi maganarta?

In ɗan ƙungiyar mafarauta ne kai ko ɗan sintiri, ka riƙe katin shaidarka, amma ka sani katin ƙungiya ba lasisi ba ne. Yana taimakawa a gane ko kai wane ne, shi ke nan. In tafiyar rukuni ce, shugabanku ya je ofishin 'yan sanda na yankinku kafin ku tashi, ya faɗi adadinku da yawan bindigoginku da inda za ku, ya kuma karɓi lambar wayar wani babba a ofishin. Ku sanar da mai unguwa ko dagaci. Wannan ɗan zirga-zirgar ta rabin yini ita ce za ta cece ku ranar da aka tsayar da ku a garin da ba a san ku ba.

Sannan bindiga ta yi tafiya babu komai a cikinta. Mai harsashi a cire harsashin, a sa shi a wata jaka daban. Ta toka kuwa kar a ɗura ta sai an isa dawa, albarushi ya zauna a nasa wuri. A naɗe ta, a sa ta a but. Kar a sa ta ƙarƙashin kujera, kar a sa ta tsakanin ƙafafu, kar a rufe ta da babbar riga. Abin da aka ɓoye a jiki, ko na halal ne, kamannin haram yake ɗauka.

Takardun mota kuma, lasin tuƙi da inshora da sauransu, ka haɗa su da lasisin bindigar ka ajiye a inda ido ke gani, kamar saman gaban mota. Dalili shi ne kar a ce kawo takardu ka fara lalube a aljihu ko ƙarƙashin kujera.

Yanzu ga ka a hanya. A ce ka taso daga Likoro za ka Zariya, ko ka hau babban titin Kano ta Tashar Yari za ka wuce Kwanar Ɗangora, sai ka hango shinge, an ɗaga maka hannu.

Na farko, rage gudu tun daga nesa, ka sa sigina, ka gangara gefe. Kar ka yi ribas, kar ka juya. Ba abin da ke sa a buɗe wa mota wuta kamar juyawa a gaban shinge.

Na biyu, in dare ne, rage fitilar gaba don kar ka kashe musu ido, ka kunna ta cikin mota don su ga kowa. Kashe rediyo, sauke gilashi, kashe injin.

Na uku, hannu biyu a kan sitiyari. Fasinjoji su ma su ɗora hannu a inda ake gani. Ba lokacin ɗauko waya ba ne, ba lokacin gyara hula ko zariya ba ne. In a babur kake, kashe shi, ka bar hannunka a kan kan babur, na bayanka ma ya saki hannunsa a fili.

Na huɗu, ka yi sallama, ka gaishe shi: Yallaɓai sannu da aiki. Mutumin nan wataƙila tun asuba yake tsaye a rana, kuma ya san abokan aikinsa da aka harbe a irin wannan shingen. Shi ma tsoro yake ji, kuma yatsansa na kusa da kunama. Gaisuwar nan tana sauke abubuwa da yawa.

Na biyar, kuma nan ne gaɓar, ka faɗa da bakinka kafin ya gano da idonsa. Amma akwai yadda ake jera maganar. Kar kalmar farko ta zama bindiga. Ka fara da ko kai wane ne, sannan takarda, sannan kayan, sannan inda suke. Misali: "Yallaɓai, ni mafarauci ne daga Likoro, ina da lasisi, ga shi nan a gaban mota. Akwai bindigar farautata a but, babu harsashi a ciki. Yaya kake so in yi?" Ka faɗa a hankali, da muryar da abokin aikinsa ma zai ji. Daga nan ka yi shiru, ka jira.

Na shida, kar ka taɓa ta. Ko da nufin ka nuna masa ne, ko ka miƙa masa, kar hannunka ya je kanta. In ya ce a buɗe but, ka ce masa za ka buɗe ƙofa ka fito, ka fito a hankali, ka buɗe, ka ja da baya, ka nuna da baki. Shi ya ɗauka da hannunsa. Duk motsin da za ka yi, ka faɗe shi kafin ka yi shi. In umarni biyu suka ci karo, wannan ya ce fito, wancan ya ce kar ka motsa, to ka tsaya cak, ka ce: Yallaɓai wanne zan bi?

Na bakwai, ka tsaya ka ga binciken da idonka. Kar ka tafi gefe amsa waya ana bincika motarka. Ka sa wani fasinja ma ya tsaya ya shaida. Kuma doka ta ce in ɗan sanda ya nemi ganin lasisi da bindigar, dole mai ita ya nuna. Wannan ba wurin gardama ba ne.

Na takwas, kar ka miƙa na goro. Na san halin hanyoyinmu, ba sai an gaya mini ba. Amma ranar da kake ɗauke da bindiga, kuɗin da ka dunƙula ka miƙa yana cewa kana da abin ɓoyewa. Ka zo da gaskiyarka, kar ka sayar da ita da naira ɗari biyar.

To shi kuma ɗan sandan, me doka ta ɗora masa? Don ba kai kaɗai ke da sharaɗi ba.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ba su ikon tsayarwa da bincike in suna da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. Amma ta ce jami'i ya kasance cikin kaki ko ya nuna katin shaidarsa, ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema. Ta kuma faɗa ƙarara cewa shigar mutum, ko askinsa, ko shekarunsa, ko launin fatarsa, ba su isa su zama dalilin zargi su kaɗai ba. Wato rawaninka ko gashinka ba laifi ba ne. Mace kuma mace ce ya kamata ta caje jikinta. Ƙa'idar rundunar kan amfani da bindiga, wadda ake kira oda ta 237, da aka sabunta a 2019, ta taƙaita harbi ga lokacin da rai ke cikin haɗari na nan take. A watan Oktoban 2020, kwanaki kaɗan kafin a rushe SARS, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya gargaɗi jami'ai kan binciken wayoyin mutane barkatai.

Waɗannan haƙƙoƙinka ne, ka san su. Amma bakin titi da tsakar dare ba kotu ba ce. In an take maka haƙƙi, ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa, da lambar motarsu, da wurin, da lokacin. Gobe da safe ka kai ƙara wurin DPO, ko sashen karɓar koke na rundunar da aka kafa a 2015, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mai rai shi ke kai ƙara.

In kuma suka ce sai an je ofis, ka bi su. Kar ka yi kokawa, kar ka gudu. Ka nemi a bar ka ka kira gida. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wanda ka zaɓa. Ya kuma ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sai dai wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kuma fashi da makami yana ciki. Kun ga haɗarin ke nan: bindiga marar takarda tana iya sa a jingina ka da fashin da ba ka san an yi ba. Saboda haka kar ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. In an karɓi bindigarka, ka roƙi a rubuta irinta da lambarta da adadin harsashi a gabanka. Beli kyauta ne a doka. Haramun ne a kama ɗan uwanka a madadinka. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnatin tarayya, a neme ta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mana rai, don ba kowane shinge ne na 'yan sanda ba.

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, wasu mafarauta 'yan Arewa suka taso daga jihar Ribas a babbar mota za su gida Kano yin Sallah. A garin Uromi na jihar Edo 'yan sintiri suka tare su, suka ga bindigogin toka. Kafin ka ce kwabo an yi musu ihun masu garkuwa da mutane, jama'a suka taru. Mutum 16 aka kashe, wasu aka ƙone su. Da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne, musamman ƙauyen Torankawa. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya, aka kuma kama mutane. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Laifin wannan ta'asa yana wuyan waɗanda suka yi kisan, ba wanda zai ɗora wa mamatan. Amma akwai abin da ya kamata mu ɗauka. Bindigar toka da a nan kowa ya san ta farauta ce, a garin da mutanensa ke cikin fargabar masu garkuwa, ganinta kawai ya isa ya tayar da gari. Don haka masu tafiya Kudu farauta ko gadi, ku yi tunani sau biyu kafin ku ratsa jihohi da makami. In da hali, a bar shi a hannun shugabannin ƙungiya ko sarkin Hausawan garin da ake aiki, da sanin 'yan sandan wurin. In kuma 'yan sintiri suka tare ku, abu na farko da za ku nema shi ne a kira 'yan sanda, ko a kai ku caji ofis mafi kusa. Ku kira 112. A irin wannan hali, bayan kanta ya fi bakin titi aminci.

Mu ma kuma mu dubi kanmu. Muna da 'yan sintiri a unguwanninmu, ga rundunar KADVS ta jiha wadda Gwamna Uba Sani ya ƙara wa ma'aikata 7,000 a 2023. Idan kun tare baƙo a hanyar Likoro ko Hunkuyi kuka ga makami, aikinku ku riƙe shi, ku kare shi daga taron jama'a, ku miƙa shi ga 'yan sanda. Kar a yi ihun ɓarawo, kar a ɗauki bidiyo a watsa kafin a bincika. Abin da muka yi kuka a kansa a Uromi, kar a wayi gari mu ne muka yi wa ɗan wani.

Direbobin haya da 'yan acaɓa, ga taku. Sau da yawa jami'an tsaro suna kama harsasai a cikin buhun hatsi ko jarkar manja a hanyoyin Arewa, kuma wanda ake fara damƙewa shi ne mai tuƙi. Saƙon da ba ka ga cikinsa ba, kar ka ɗauka. A buɗe a gabanka a tasha, a rubuta suna da lambar mai aikawa da ta mai karɓa a wurin 'yan kamasho. Wanda ya ce kar a buɗe, ya ƙara maka kuɗi, to kuɗin wahalarka ne yake biya tun kafin ta zo. In kuma mafarauci ne fasinjanka, ka ga takardarsa kafin ku tashi, ku yi shawarar wanda zai yi magana a shinge. Kai mafarauci ma ka gaya wa direba gaskiya. Zalunci ne ka jefa mutum goma cikin bala'in da ba su san da shi ba.

Saura mutum ɗaya da ban yi magana da shi ba, kuma na san yana karantawa. Kai da ka riga ka sayi ƙaramar bindiga a ɓoye, kana sokewa in za ka kasuwa ko gona. Ba ni da wata dabarar shinge da zan koya maka, don babu ita. Babu kalaman da za su mai da ita halal a gaban ɗan sanda. Abin da ke jiranka ɗayan biyu ne: ko shekara 10 a gidan yari, ko harsashin jami'in da ya hango ƙarfe a ƙugunka cikin duhu. Ka yi lissafi da kanka: shekarunka nawa yanzu, ka ƙara goma, ka duba su wa za su ci wahalar a gida. Shawarata, ka samu lauya ko dagacinku ko wani dattijo da ake jin maganarsa, a sanar da hukuma tukuna, a shirya yadda za a miƙa ta. Kar ka ɗauke ta da kanka ka kama hanyar ofis ba wanda ya san da zuwanka. In kuwa kare garinku ne ya dame ka da gaske, ƙofar a buɗe take: ka shiga sintirin da hukuma ta sani, a rubuta sunanka, a san da kai. Kuɗin amfanin gona kuma, a rage yawo da tsabarsu, tunda ga tiransifa ga masu POS a kowace kasuwa. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

To jama'a, a nan za mu dakata. Ina son jin ta bakinku a ƙasa, musamman mafarauta da 'yan sintiri da direbobin hanyar Zariya zuwa Kano. In akwai 'yan sanda a cikin masu karatu, ku ma ku gaya mana abin da ya fi tayar muku da hankali in mota ta tsaya a gabanku da dare, don mu fahimci juna. Roƙona ɗaya, kar a kama sunan kowa, kar a yi zagi. Wanda kuma yake da dattijo a gida mai bindigar farauta da ba ya karatun boko, ya zauna ya karanta masa wannan.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kare jami'anmu masu gaskiya, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina a Kaduna da Arewa da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.